Ƙulli da Igiyarsa: Waiwaye kan Ɗaurin Maharba da Masu Aikin Daji

Tambayar wane ƙulli ya fi cancanta mutum ya koya kafin ya shiga daji ba ta daɗe da samuwa ba, ko da yake ƙullin kansa ya girmi noma da ƙira da rubutu. A shekarar 2020 masu binciken kayan tarihi suka bayyana wani ɗan guntun zare da aka tono a matsugunin dutse na Abri du Maras a kudancin Faransa, wanda aka tufka da sili uku daga ɓawon itace na ciki, aka kuma ƙiyasta cewa ya shekara tsakanin 41,000 da 52,000. Haka nan a 1913 wani manomi ya ci karo da ragowar komar kamun kifi a Antireya ta yankin Kareliya, wadda aka saƙa da ɓawon itace fiye da shekara 10,000 da suka shige. A tsawon wannan zamani mutum ba ya zaɓen ƙulli daga cikin jeri, domin yana gadonsa ne tare da sana'ar gidansu da irin igiyar da ƙasarsu ke bayarwa, kuma waɗannan biyun sun riga sun yi masa zaɓin tun kafin a haife shi. Abin da ya sauya a ƙarnin da ya gabata shi ne igiyar, kuma da ta sauya sai zaɓin ya dawo wuyan mai ɗauri, a daidai lokacin da hanyar koyo ta gado ke raunana.

Kowane ƙulli, komai sarƙaƙiyarsa, da gogayya yake riƙo, wato cijewar da jikin igiya ke yi a jikin igiya ko a jikin abin da aka naɗe ta a kai, ta yadda nauyin da ke neman zare ta shi ne ke ƙara matse ta. Ayyukan da ake nema a wurinsa kuma ba su da yawa: ya haɗa bakin igiya biyu, ko ya yi zobe a bakin igiya ɗaya, ko ya riƙe ta a jikin turke ko reshe, ko ya matse kaya wuri guda. Sai dai kowane lanƙwaso yana rage wa igiya ƙarfi, saboda silin da ke bayan lanƙwason ya fi na ciki ɗaukar nauyi, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa ragin yakan kama daga wajen rubu'i har zuwa rabin ƙarfinta, abin da ya sa igiya mai lafiya ta fi tsinkewa a gindin ƙulli.

Igiyar ƙasar Hausa ta dā tsiro ce ko fata. Akwai ta rama, wadda ake jiƙa karanta a kududdufi har ɓawon ya saki, a ɓare shi, a wanke, a shanya. Akwai ta kaba, daga ganyen goruba. Akwai ta ɓawon kuka, wadda ta bar wa kukoki da yawa tabo a gindi. Akwai ɓawon kalgo da manomi ke sala a nan take ya ɗaure itace ko kayan aikinsa. Sannan akwai kiri, igiyar fata da ake murɗawa domin aiki mai nauyi. Mai tufka yakan maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafarsa, ya murza kowane sili tsakanin tafukansa zuwa gefe ɗaya, sannan ya haɗa silin yana juya su zuwa ɗaya gefen, kuma wannan saɓanin murɗi ne ke hana igiya warwarewa, domin kowane sili na neman kwancewa ne ta inda ɗan'uwansa ke tare shi. A birane irin su Kano an san makafi da wannan sana'a, kasancewar yatsu ne ke yin ta ba ido ba. Abin da ya haɗa dukan waɗannan igiyoyi shi ne kaushi: jikinsu na da gashi da tsaga, suna kumbura idan sun sha ruwa, ba sa kuma talewa sosai, saboda haka ƙulli mai sauƙi ya ishe su. Mai ɗaure damin gero sau da yawa ba ya ma yin ƙulli na sosai, sai dai ya danne damin da gwiwa, ya ja bakin biyu, ya murɗe su tare, ya cusa murɗin ƙarƙashin naɗin, kuma damin zai kai rumbu a haka. Fatake da a dā ke kawo goro daga Gwanja sun yi fice da ɗaurin huhu, inda igiya ke ratsa juna ta kowace fuska har ganyen da ke lulluɓe da goron ya tsare danshinsa tsawon tafiya, kamar yadda Buzayen ayarin gishiri ke tufka igiyoyin kaba masu yawa kafin su nufi Bilma da Fashi, don ɗaure kantu a gefen raƙuma.

Maharbi, wato mai sana'ar harbi da baka da kibiya wanda ya bambanta da 'yan farautar gayya masu karnuka da gora, rayuwarsa ta rataya a kan ɗaure-ɗaure ƙanana da ba a cika lura da su ba. Tsarkiya, igiyar fata da ke haɗa kunnuwan baka, tana bukatar ɗaurin da ba ya zamewa a lokacin ja, amma wanda za a iya sassautawa a gyara idan damina ta sa fatar ta saki. Kan kibiya kuwa ana soke shi a cikin ƙyauro a naɗe bakin da jijiya ɗanya, wadda ke tsukewa yayin bushewa har ta zama kamar an zuba ta, kuma da wannan naɗin zai yi sako-sako da ƙyauron ya tsage a harbin farko, dafin kwankwanin da aka shafa ya tashi a banza. Hatta burtu, kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi yana rarrafe cikin ciyawa don gada ko barewa ta saki jiki, madaurinsa na fata ne ke sa ya riƙa sunkuyawa da ɗagowa daidai da motsin wuyan mai shi. A fannin tarko ƙulli ɗaya ne ke mulki, shi ne zarge, zoben da ke ƙara tsukewa gwargwadon yadda abin da ya faɗa cikinsa ke fizga. Da shi yara ke kafa asuta, ƙananan zarge na izgar doki da ake jerawa a barbaɗa gero a kai domin kurciya da makwarwa, da shi kuma manya ke ɗana tarkon da ake lanƙwaso reshe a maƙale, ya fizge sama da zarar an taka.

Shari'a ma ta sa hannu a wannan ilimi. Alƙur'ani ya lissafa dabbar da ta mutu ta hanyar shaƙewa cikin abubuwan da aka haramta ci, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin fiƙihun Malikiyya na ƙarni na 10 da ake karantawa a zaurukan malamai, ta ambaci wadda igiya ta shaƙe. Ma'anar wannan ga mai tarko Musulmi ita ce zargen da ya kashe kafin wuƙa ta iso ya ba shi mushe ne, saboda haka tilas ya kewaya tarkonsa da sassafe, kuma tarkon da ke kama ƙafa ya fi masa amfani a kan wanda ke kama wuya. Wannan hukunci ya zama takunkumi mai kyau, domin ya hana mutum ɗana abin da ba zai iya kewayawa ba.

Makiyayi kuwa bukatarsa kishiyar ta mai tarko ce, kuma a nan ne bambanci mafi muhimmanci a dukan fannin yake. Akuyar da aka yi wa talala a bakin gona, wato aka ɗaure ta da doguwar igiya don ta yi kiwo ba ta kai ga shuka ba, tana bukatar zoben da ba ya tsukewa komai fizgarta, in ba haka ba a iske ta a shaƙe. Dabaibayin jaki da ragamar doki da akalar raƙumi duk suna son ɗaurin da zai riƙe ba tare da ya ci fata ba, wanda kuma za a kwance da fizga ɗaya idan dabba ta faɗi ko gobara ta tashi. A rijiyoyi masu zurfi na Damargu da Azawak, inda sa ko raƙumi ke jan wasaki, igiyar kan yi tsawon da dole sai an haɗa ta da wata, kuma mahaɗar da ta kwance tana nufin guga ya tafi ƙasa garke na tsaye da ƙishirwa. Yaron da ya tashi a irin waɗannan gidaje ba a zaunar da shi a koya masa. Yana gani, yana gwadawa, ana kwance nasa a sake a gabansa, har hannunsa ya riƙe abin da bakinsa ba zai iya bayyanawa ba.

Mayar da ƙulli darasi mai jeri da suna da zane ya fito ne daga jiragen ruwa masu filafilai na Turai da Amurka, inda matuƙi ke hulɗa da ɗaruruwan igiyoyi, daga nan kuma ya shiga littattafai. Robert Baden-Powell ya sa shi cikin horon yara a littafinsa na 1908 da ya kafa harkar sikawut, wadda ta iso Nijeriya a 1915, kuma jarrabawar farko ta ɗan sikawut ta ƙunshi 'yan ƙulle-ƙulle ƙalilan da aka ɗauko daga matuƙa. A 1944 Clifford Ashley, mai zane daga garin masu farautar kifin teku na New Bedford a Amurka, ya fitar da littafinsa bayan aikin shekara 11, mai ɗauke da bayani kusan 3,900 da zane wajen 7,000, wanda har yau shi ne madogara. A 1982 aka kafa ƙungiyar masu ƙulli ta ƙasa da ƙasa a Ingila. Wannan yalwa ce ta haifi tambayar zaɓi, domin wanda aka shimfiɗa wa dubbai dole ya tambayi waɗanne zai ɗauka. Abin lura kuma shi ne Ashley ya kammala aikinsa ne a ƙarshen zamanin igiyar tsiro, ta yadda hukuncinsa kan abin da ke riƙo da abin da ke zamewa hukunci ne a kan igiyar da ke dab da barin kasuwa.

An haɗa nailan a ɗakin gwajin kamfanin DuPont a 1935 ƙarƙashin jagorancin Wallace Carothers, aka yi amfani da shi wajen igiyoyin laimar sauka a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1954 Giulio Natta na Italiya ya samar da folifurofilin, robar da ake yin igiyar nan mai launin shuɗi da buhunan taki da na shinkafa. Ba za a musa alherinsu ba: sun fi rama ƙarfi nesa ba kusa ba, ba sa ruɓewa, gara ba ta cin su, kuma bakinsu ba ya bukatar naɗi, sai a kusanta shi da wuta ya narke ya haɗe. Amma jikinsu sulɓi ne, nailan yana talewa ya dawo, folifurofilin kuwa yana da tauri da son miƙewa, kuma duka waɗannan halaye gogayya suke ragewa. Ƙullin da ya riƙe a kaba shekara da shekaru sai ya riƙa rarrafe a wannan igiyar leda kaɗan-kaɗan har bakinsa ya fice. Akwai kuma illar da igiyar tsiro ba ta da irinta, wato ɓoye rauni: igiyar rama idan ta tsufa tana nunawa da baƙi da zubar gashi, amma rana na cin folifurofilin sannu a hankali, launinsa ya koɗe, silinsa ya riƙa gari a hannu, wanda bai san alamar ba kuwa yakan ɗauka tana nan da ƙarfinta. Tufka kanta ba ta mutu ba, domin a ƙauyuka da yawa ana warware tsofaffin buhunan leda a tufka igiya da silinsu ta hanyar dā, sai dai hannu na dā ne, sili na yanzu.

Bayan leda sai wasu abubuwa suka zo da ke neman kawar da ƙulli gaba ɗaya. Robar da ake yankowa daga tsohon tiyub ta zama maɗaurin kaya a keke da babur, talewarta ce ke riƙo, sai a naɗa a soke baki. Manyan motoci kuma sun koma ga bel mai ƙarfen matsewa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne shigowar waya cikin tarko. A sassa da yawa na Afirka ana yin zarge da wayar birki ko ta kulocin babur, kuma bambancinta da izga ko rama ba na ƙarfi kaɗai ba ne: tarkon tsiro da aka manta a daji damina ɗaya ke ruɓar da shi, na waya kuwa yana nan a ɗane shekaru, ba ya tantance mai ciki da mai shayarwa, ba ya bambanta gada da akuyar makiyayi, kuma arharsa na sa mutum ɗaya ya ɗana abin da ba zai taɓa iya kewayawa ba, naman ya ruɓe a wurin. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta 1985, da keɓe dazuzzuka irin su Yankari tun 1956, duk sun taƙaita farauta, kuma dajin da ya rage bayan farin shekarun 1970 da 1980 da faɗaɗar gonaki ba zai ɗauki irin wannan ɓarna ba. Saboda haka zarge, wanda a dā shi ne farkon abin da ɗan maharbi ke koya, ya kamata a yau a koyar da shi tare da iyakarsa, musamman a san shi domin a gane shi a kauce masa a wuyan dabbar gida da jikin mutum.

Idan aka dubi aikin da ya rage wa mai shiga daji, wato kafa rumfa, da rataye nama a reshe don fiɗa, da ɗaure kaya a babur, da ɗaure dabba, da jan ruwa, da ceton wanda ya faɗa rami, to zoben da ba ya tsukewa ne ya cancanci zama na farko. Shahararrensa shi ne wanda matuƙa ke kira bolin: a yi ɗan ƙaramin zobe a jikin igiya, a shigo da baki ta ƙarƙashinsa, a kewaya da shi bayan doguwar igiyar, a mayar da shi ta cikin ƙaramin zoben, a ja. Falalarsa ita ce komai nauyin da ya ɗauka ana kwance shi da tura ɗan kunnen da ke bayansa, aibinsa kuma shi ne a igiya mai tauri da sulɓi yana sassautawa idan ana girgiza shi babu nauyi, don haka sai a bar masa baki mai tsawo a kuma ƙulle bakin a jikin zoben. Masu hawan duwatsu sun fi amincewa da zobe mai siffar lamba 8, domin kallo ɗaya ke nuna ko an yi shi daidai, ko da yake yana cijewa bayan nauyi. Ko da zoben bai tsuke ba, rataye mutum ta ƙirji na tsawon lokaci yana hana shi numfashi, shi ya sa mai shiga rijiya ya fi bukatar zobe biyu, ɗaya ya zauna a kai ɗaya ya tallafe shi.

Wajen haɗa igiya biyu akwai kuskuren da ya yaɗu har ta hanyar darasin sikawut. Ƙullin nan mai faɗi da ake yi dama kan hagu sannan hagu kan dama yana da kyau ga ɗaure bandeji ko bakin buhu, inda yake kwance a jikin abu, amma idan aka haɗa igiya biyu da shi aka ɗora nauyi, fizgar baki ɗaya na iya kifar da shi ya zare, kuma Ashley da kansa ya ɗora masa alhakin rayuka masu yawa. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne ƙullin masaƙa, wanda da shi ake haɗa zaren da ya tsinke ake kuma saƙa idon koma: a ninka bakin igiya mai kauri, a shigo da siririyar ta cikin ninkin, a kewaya bayansa, a cusa ta ƙarƙashin kanta. Gininsa ɗaya ne da na bolin, wanda ya iya ɗaya ya kusa iya ɗayan, kuma a leda sai a kewaya sau biyu maimakon sau ɗaya. Wannan ƙarin naɗi shi ne gyaran da igiyar zamani ta tilasta wa kusan kowane ƙulli, kuma ya fi bayyana a wurin masunta, waɗanda zaren fatsa na nailan mai sili ɗaya ya sa suke naɗa baki sau biyar ko fiye kafin su soke shi, suna kuma jiƙa shi kafin ja don zafin gogayya kada ya raunana shi.

Na jikin turke ba ya bukatar dogon bayani: cikakken naɗi a kewayen itacen sannan ɗauri biyu a jikin igiyar, wanda ake iya yi ake iya kwancewa ko da nauyi na rataye, domin naɗin ne ke ɗaukar nauyin. Idan dabba ce a ɗaure, sai a ninka bakin a ɗaurin ƙarshe yadda fizga ɗaya za ta sake ta. Ya fi ɗaurin naɗi biyu masu giciye da ake koya wa yara aminci, wanda ke zamewa a bututun ƙarfe ko sandar da ke juyawa. Sai ɗaurin yaran mota, wanda har yanzu ake gani a tashoshin lodi: a yi zobe a tsakiyar igiyar da ta ƙetare kaya, a kewaya da bakin ta ƙugiyar mota, a dawo da shi ta cikin zoben a ja ƙasa, zoben ya zama kamar kura. A lissafi yana ninka ƙarfin mai ja sau uku, a aikace gogayya na cinye kaso mai yawa, amma abin da ya rage ya isa ya miƙar da igiyar rumfa ko ya danne buhuna a bayan babur, kuma ba ya tsinkewa ya mari fuska kamar yadda tsohuwar roba ke yi. Wasu da suka daɗe a littattafai, irin su ninkin da ake rage tsawon igiya da shi ba tare da yanka ba, sun rasa dalilin zamansu, domin a leda zubewa suke yi da zarar nauyi ya sauka. Shi kuwa ƙullin Furusik, wanda Karl Prusik na Ostiriya ya bayyana a 1931, mai zamewa idan an tura shi da hannu ya cije idan an ɗora masa nauyi, na mai hawa ne, kuma ba a koyonsa sai a gaban gwani.

Waɗannan biyar ko shida sun fi talatin da aka haddace da ido amfani, muddin hannu ya iya su a duhu, da jiƙaƙƙiyar igiya, a bayan jiki ko a saman kai, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Bidiyon waya ya sauƙaƙa ganin matakai, yana maimaitawa ba ya gajiya, amma ba ya jan ƙullin ɗalibi ya nuna masa inda ya karkace, ba ya kuma sanin irin igiyar da ke hannunsa. Yawanci ma da igiya mai laushi ta masu hawan dutse ake nunawa, alhali wadda ake samu a kasuwar ƙauye shuɗiyar nan ce mai tauri. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomi masu yawa na wannan fanni, sai dai ƙamus ba ya ɗaukar juyin wuyan hannu ko inda babban yatsa ke dannewa. Waɗanda ke riƙe da wannan ɓangare su ne masu ɗaurin jinka da tanka, da makiyayan da ke ban ruwa a rijiyoyi masu zurfi, da masuntan Yawuri da Argungu da Tafkin Chadi, da tsofaffin maharba da ke ƙarƙashin Sarkin Baka a garuruwansu. Da yawansu sun yi aiki da kaba da leda duka biyu, sun san inda kowace ke ha'inci, kuma sun riga sun ƙara naɗi inda ya kamata ba tare da wani littafi ya faɗa musu ba. Ɗaukar aikin hannunsu a hoto mai motsi, tare da sunan da suke kiran kowane ɗauri da irin igiyar da suke yin sa da ita, aiki ne da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai ke da ɗalibai da kayan yin sa.